Faifan gwanjo: Mr. Bean, Tom and Jerry da waƙoƙin da muka taso da su

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattauna wani abu ko wani zai amfana, musamman masu iyali da ɗalibai da ke zaune a Ingila suna lissafin kowane fam. Kusan duk babban titi a nan Bradford da sauran garuruwa akwai shagunan ƙungiyoyin agaji, irin su Oxfam da British Heart Foundation da Cancer Research UK. Mutane ne ke kai musu kayan da suka gama da su kyauta, su kuma su sayar su yi aikin taimako da kuɗin. Tun da mutanen ƙasar suka koma kallo ta intanet, faifan DVD da CD sun faɗi warwas. Guda ɗaya fam ɗaya, wani shagon rabin fam, wani ma uku a fam ɗaya. Da haka na haɗa Mr. Bean dukkansa, da Some Mothers Do 'Ave 'Em, da Fawlty Towers, da Tom and Jerry na ainihi. Na daina biyan kuɗin wata-wata na manhajojin kallo, kuma gidana bai rasa dariya ba. Ni a ganina abin da ka saya ka riƙe a hannunka, kuka zauna da iyali kuka kalla tare, ya fi wanda kowa ya dunƙule da wayarsa a ɗaki. Me kuke gani?

Ɗan Autan Group: Wa alaikumus salam. Yaya, da girmanka, amma wannan ai wahala ce. Mr. Bean yana da tasharsa a YouTube, Tom and Jerry ma ga su nan birjik. Wa ma yake da injin DVD yanzu? Kwamfutocin zamani ko wurin sa faifai ba su da shi.

Baban Ummi: Ƙanena, injin ma gwanjonsa yana nan da araha a shagunan da ke sayar da kayan wuta. Batun YouTube kuwa, gwada ka ba yaro ɗan shekara biyar waya ya kalli Tom and Jerry, ka dawo bayan rabin awa ka ga inda manhajar ta kai shi. Ga talla a tsakiya, ga gutsattsarin da aka yanka aka haɗa. Faifai idan ya ƙare ya ƙare, sai a tashi a yi salla a kwanta. Sannan ga lasisin talabijin. A Afrilun 2025 an mai da shi fam 174.50 a shekara, kuma dole ne ga mai kallon tasha kai tsaye ko manhajar BBC iPlayer. Mai kallon faifai kawai doka ba ta ɗora masa ba. Ga ɗalibi wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Ɗalibar Leeds: Na shaida maganar Baban Ummi. Zan ƙara da kasuwar bayan mota, wadda ake ci da sassafe ranar Asabar ko Lahadi, musamman lokacin zafi. Mutane su cika mota da kayan gida su je fili su buɗe but suna sayarwa. Can ana ciniki sosai, kuma idan an kusa tashi mai kaya ba ya son komawa gida da kwali, sai ya sallama maka a yadda ka taya. Akwai kuma shagunan CeX masu sayar da faifai da kayan wuta na gwanjo, su sun fi tsada kaɗan amma suna ba da garanti. Shawarata ɗaya, a buɗe kwalin tun a wurin, a ɗaga faifan a haske a duba karce, a kuma ƙirga. Kwali mai faifai huɗu sau da yawa za ka tarar uku ne a ciki.

Tsohon Ma'aikaci: Kun taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Mu a zamaninmu babu zaɓi, abin da NTA ta sa shi za ka kalla, kuma sai yamma ake buɗe tasha. Gidan da ke da talabijin a unguwa, yara su cika tsakar gida har bakin zaure. Frank Spencer na Some Mothers Do 'Ave 'Em da hularsa da rigar ruwansa, duk aikin da aka ɗauke shi sai ya rushe wurin, matarsa Betty tana ta haƙuri. Akwai tsohuwa a gidanmu, Allah ya jiƙanta, ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya, amma idan ya fito sai ta yi dariya har da hawaye tana cewa Allah ya shirye shi. BBC ta yi shirin daga 1973 zuwa 1978. Kuma duk abubuwan haɗarin nan, har da inda ya sa takalmi mai taya ya riƙe bayan bas a kan titi, Michael Crawford da kansa ya yi su, ba a sa masa wani ba.

Baban Ummi: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Wannan kashin na takalmi mai taya yarana sun fi son shi a kan komai.

Tsohon Ma'aikaci: Amin, ɗana. Amma wanda na fi so in ka samu ka saya, ko da yara ba za su gane ba, shi ne Yes Minister. An fara shi a 1980. Minista ne ya zo da niyyar gyara, babban sakatarensa Sir Humphrey yana ce masa to ranka ya daɗe, amma ta ƙarƙashi yana kafa kwamiti a kan kwamiti har maganar ta mutu. Duk wanda ya taɓa zama a ofishin gwamnati ya ga yadda fayil ke kwana a tebur zai san marubutan nan sun san aikin daga ciki. Tsarin aikin gwamnatinmu ai daga wurinsu muka gada, shi ya sa nake kallonsa kamar a sakatariyarmu aka ɗauka. Margaret Thatcher ma, tana firaminista, ta ce shirin da take so ne.

Ɗan Wambai: Ni bari in yi magana a matsayin wanda ya yi sana'ar faifai a Kano shekaru masu yawa. Alhaji Baban Ummi, ku a can kuna cikin ni'ima, domin orijina kuke saye a kuɗin banza. Mu nan abin da ya cika kasuwa a lokacinmu shi ne faifan da ake cusa fim ashirin ko talatin a guda ɗaya. Hoton ya dushe, sauti ya riga baki, rabin kashin ya yanke. Mr. Bean da Tom and Jerry kuwa ba sa kwana a shago, domin su ne kayan da uba zai saya ya kai gida ba tare da fargaba ba. Daga baya masu tura fim a waya suka zo, kowa ya koma memori da filashi, kasuwar faifai ta mutu muna kallo. Yau ko kana da kuɗi, samun orijina na waɗannan tsofaffin a Kano sai an sha wuya.

Ɗan Autan Group: To ai ka ga maganata ta fito, Alhaji. Zamani ya wuce wurin.

Ɗan Wambai: Sana'ar ce ta wuce, ba amfanin abin ba. Wayar da aka tura maka fim ɗari idan ta faɗa ruwa ko aka sace ta, shi ke nan. Ni har yau akwai faifan da na ajiye tun kafin a haife ka, kuma yana yi.

Injiniya: Ga masu niyyar aiko da faifai gida, a kula da abu ɗaya. Kamfanoni sun raba duniya shiyya-shiyya a kan DVD. Birtaniya tana shiyya ta 2, Najeriya da yawancin Afirka suna ta 5, Amurka ta 1. Ana rubuta lambar a bayan kwali cikin ɗan hoton duniya. Inji mai kulle ba zai karanta faifan wata shiyya ba. Sa'ar da muka yi ita ce yawancin injinan da ke kasuwanninmu a buɗe suke, suna cin kowane iri. In kuma injin ma daga can za a kawo, babu matsala, domin filoginmu mai ƙafa uku da ƙarfin wutarmu iri ɗaya ne da nasu, tsarin hoton talabijin ma PAL ne duka. CD na waƙa ba shi da wannan kullen sam. Wajen gogewa, a sa ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, kada a bi zagaye.

Maman 'Yan Biyu: Ni tambayata ta tarbiyya ce. Kuna ta yabon barkwancin Turawa kamar duka tsafta ne. Akwai wanda aka ba mu kyauta, Benny Hill, ko minti biyar ba mu yi ba na kashe. Mr. Bean ɗin ma akwai kashin wurin ninƙaya da wandonsa ya cire, ban ji daɗin ganinsa da yara ba.

Baban Ummi: Gaskiyarki, Hajiya, kuma nan ma faifai ya fi. Kusan kowane kwali a Birtaniya yana ɗauke da tambarin hukumar tace fina-finansu, BBFC. U na kowa da kowa, PG sai da kulawar iyaye, sai 12 da 15 da 18. Amma ma'auninsu ba namu ba ne, abin da suka ce PG wani lokaci mu ba za mu zauna da 'ya'yanmu a gabansa ba. Don haka ni nake fara kalla ni kaɗai, in san kashin da zan tsallake. Mr. Bean duka-duka kashi 15 ne, daga 1990 zuwa 1995, a 'yan kwanaki ka gama tace shi. Benny Hill kam ko a kyauta ba na ɗauka.

Malama Mai Alli: Kashi 15 kacal? Wallahi na ɗauka sun haura ɗari.

Ɗalibar Leeds: Na katun ɗin ne ke da yawa, Malama, wanda aka fara a 2002. Na mutum ɗin 15 ne. Haka al'adarsu take, ba sa jan abu. Fawlty Towers kashi 12 ne, shida a 1975, shida a 1979, John Cleese da Connie Booth suka rubuta suka tsaya. Shi ya sa babu kashin da za ka ce cike gurbi ne. Shi kuma Rowan Atkinson, mutane suna ganin wawa ne, alhali injiniyan lantarki ne, ya yi digiri a Newcastle ya yi na biyu a Oxford. Idan ka lura da yadda yake shirya abu ɗaya, misali inda ya ɗaure kujera a saman motarsa yana tuƙi da igiya da sanda, za ka ga lissafi ne daki-daki.

Malama Mai Alli: To ni nawa shi ne Mind Your Language, kuma na san za a yi mini ca. Ajin koyon Turanci na manya a Landan, malaminsu Mr. Brown, ɗalibai daga ƙasashe daban-daban. Na koyi abubuwa da yawa a ciki, har ina kawo wa ɗalibaina misalai daga kurakuran da suke yi. Idan akwai wanda zai samo mini cikakkensa zan biya.

Ɗalibar Leeds: Malama, ki yi haƙuri, ni wannan shirin tun da na zo ƙasar nan ya fita raina. A gida ina dariya. Da na tsaya a gaban mai shago yana sa ni maimaita magana saboda harshena, sai na gane da wa ake dariyar. Ɗan Pakistan da ɗan Indiya kullum faɗa, ɗan Italiya kullum mata, 'yar Sin kullum littafin Mao. An mai da baƙo abin wasa. Ko a lokacin, a 1979, an dakatar da shi ne saboda wannan ƙorafin.

Malama Mai Alli: Na ji ki, 'yata, kuma ban raina abin da kika gani ba. Amma ki duba, a cikin shirin wa ya fi shan kunya? Sau da yawa malamin ne da shugabar makarantar. Ɗaliban kuwa duk faɗansu, idan ɗaya ya shiga matsala sai su haɗa kai. Kuma mu da muke da wasan Kanawa da Zage-zagi, da na Fulani da Barebari, mun san tsokana ba lallai ƙiyayya ba ce. Indiyawa da kansu sun ɗauki shirin sun yi nasu.

Ɗalibar Leeds: Wasan Bafulatani da Babarbare kowa yana ramawa, Malama, kuma su biyun suka yarda da shi. A can kuwa mai gida ne ya rubuta wa baƙo abin da zai faɗa, ya tara 'yan uwansa suna dariya. A nan na ga bambancin.

Tsohon Ma'aikaci: Ku duka biyun kuna da hujja. Ni dai abin da zan ce, a bar mutum ya gani ya yanke da kansa. A 2020 an cire wani kashi na Fawlty Towers daga manhajar UKTV saboda kalaman wariyar launi, daga baya aka mayar da shi da gargaɗi. Mai faifai a gida babu wanda ya shigo ya cire masa komai. In ya ga dama ya kalla da babban ɗansa ya nuna masa yadda ake kallon baƙar fata a wancan zamani.

Maman 'Yan Biyu: Baba, Tom and Jerry ma ai haka ne. Matar nan baƙar fata da ba a nuna fuskarta, sai ƙafafu da silifas. Ga shan taba, ga duke-duke. Yarana bayan sun kalla sai su fara bin juna da muciya.

Injiniya: Hajiya, batun tabar ma an taɓa kai ƙara Ofcom, hukumar kula da kafafen watsa labarai ta Birtaniya, a 2006, tashar Boomerang ta yarda ta yanke wuraren da aka nuna shan taba kamar abin burgewa. Amma kada mu haɗa su duka. Tom and Jerry na Amurka ne, kuma hawa-hawa ne. William Hanna da Joseph Barbera sun yi guda 114 a kamfanin MGM daga 1940 zuwa 1958, bakwai daga ciki suka ci Oscar. Waɗannan su ne na nema. Da hannu aka zana kowane motsi, kuma ƙungiyar makaɗa ce ta gaske take bin kowane taku, Scott Bradley ne ya tsara kiɗan. Ku nemi The Cat Concerto, inda Tom ke kaɗa piyano Jerry yana ciki, ku ga yadda yatsu ke tafiya da sauti. Bayansu an yi guda 13 a birnin Prag, hoton da sautin duk wani iri, sai Chuck Jones ya yi 34. Masu haɗa faifan arha sukan cakuɗa su, don haka a duba shekarun a bayan kwali.

Baban Ummi: In kina son na Birtaniya da hankali zai kwanta, Hajiya, ki nemi Shaun the Sheep na kamfanin Aardman da ke Bristol. Tumaki ne da kare da manomi, da yumɓun roba aka ƙera su ana matsawa kaɗan-kaɗan ana ɗauka, kuma babu magana a ciki sam. Kakarsu ma za ta kalla ta gane. Su ne suka yi Wallace and Gromit. Akwai kuma Danger Mouse da aka yi a Manchester tun 1981, na san 'yan zamanin NTA suna tune da shi.

Ɗan Wambai: Ɓeran nan mai ido ɗaya a rufe! Da shi da Voltron. Allah sarki.

Baban Ummi: Shi fa. Wanda ya yi muryarsa, David Jason, shi ne Del Boy na Only Fools and Horses, ɗan kasuwar Peckham mai ɗaukar kowane irin kaya a motarsa mai ƙafa uku yana cewa baɗi war haka sun zama miloniya. Alhaji, wannan naka ne, duk ɗan kasuwa zai ga wani da ya sani a ciki. Sai dai Turancin 'yan Landan ne mai wuya, sai an kunna rubutun ƙasa.

Ɗan Autan Group: Ba ku taɓo waƙa ba. Nan kam ba za ku ce mini CD ya fi waya ba.

Ɗalibar Leeds: Wajen sauƙi bai fi ba. Amma a waya waƙa ɗaya kake ji ka tsallake, a CD kana jin kundin yadda mai shi ya jera, ga ɗan littafin ciki da sunayen makaɗa. Na samu Diamond Life na Sade, na 1984, a rabin fam. A Ibadan aka haife ta. Na samu Legend na Bob Marley, da UB40 'yan Birmingham, da Don Williams da babana ke sawa a mota. Wanda ya fi faranta mini shi ne Talking Timbuktu na Ali Farka Touré da Ry Cooder, wanda ya ci Grammy. Kamfanin World Circuit na Landan ne ya fitar da shi, shi ya sa irinsa ke faɗowa gwanjo a nan.

Malama Mai Alli: Ni ban cika jin kiɗa ba, amma ina da tambaya. Idan ka sayi gwanjo, mai waƙar bai samu ko sisi ba. Mene ne bambancinsa da satar fasaha?

Injiniya: Akwai bambanci, Malama. Wannan faifan an riga an biya mai shi haƙƙinsa ranar da aka fara sayensa. Guda ɗaya ne ya tashi daga hannu zuwa hannu, wanda ya sayar ya rabu da shi. Mai satar fasaha kuwa guda ɗaya yake saya ya buga dubu. Ga shi a shagon agaji kuɗin yana tafiya binciken ciwon zuciya ko daji.

Tsohon Ma'aikaci: Abin da ke ci mini rai a duk hirar nan shi ne namu. Yaro a Bradford zai shiga shago ya sayi wasan 1975 garau da fam ɗaya. Ni ina zan shiga in sayi Samanja Mazan Fama cikakke? Ina Karkuzu, ina Golobo, ina wasannin Ƙasimu Yero? Usman Baba Pategi, wato Samanja, ya rasu a 2023, Ibro tun 2014, Shata tun 1999, Ɗan Maraya a 2015. Abin da ya rage a hannun jama'a gutsattsari ne, an kwafa daga kwafi har murya ta shaƙe.

Injiniya: Baba, su ma sun yi wannan asarar. A shekarun 1960 da 1970 BBC tana goge kaset ta sake ɗauka a kai saboda tsada, shirye-shirye da yawa suka salwanta. Abin da ya cece su shi ne kwafin da suka sayar wa tashoshin waje. A 2013 aka sanar da gano kashi tara na Doctor Who da suka ɓata, wani mai bincike Philip Morris ya same su a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. In har nasu ya yi shekaru masu yawa a Jos bai lalace ba, ina kyautata zaton akwai namu a ɗakunan ajiya da akwatunan tsofaffi.

Ɗan Wambai: Akwai kuwa. Ni kaina ina da kwali biyu na kaset, na rediyo da na bidiyo, Shata da Ɗanƙwairo da wasu wasannin Ibro na farko-farko. Tsoron sa su a inji nake yi kada ya cinye zaren.

Injiniya: Kada ka sa su haka, Alhaji. Ka fara duba ko akwai farin fumfuna a jikin zaren, masu shi ka ware su daban. Sauran ka juya su da biro a hankali ka ga ko sun manne. Na rediyon, rakoda mai lafiya da waya ɗaya zuwa kwamfuta sun isa, da manhajar Audacity wadda kyauta ce. Na bidiyon sai an samu ɗan abin da ke haɗa injin da kwamfuta ta USB. Ka cire su daga ɗaki mai zafi tun yau, kuma a jera su a tsaye. Ina shigowa Kano ƙarshen wata, zan zo da kayan aikin mu fara da na Shata.

Ɗan Autan Group: In kun sa rana ku faɗa mini, Yaya. Ina da kwamfuta, kuma zan iya rubuta sunan kowane kaset da abin da ke ciki.